Sunayen mutane za su iya koya mini haruffan Rashanci?

Sabon Ɗalibi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni ne na yi tambaya kwanakin baya kan takardun tafiya. Alhamdu lillahi suna ya fito, karatun likita a Rasha, kuma an ce shekarar farko ta koyon harshe ce zalla. Na ce kafin tafiya bari in san haruffansu ko da kaɗan ne, kada in sauka filin jirgi in zama makaho da idanu biyu. Yau kwana huɗu ina bin su a jere, А Б В Г Д, kamar yadda muka yi alifun ba'un a Islamiyya, amma da na kai tsakiya sai na farkon su zube. Wani ya ce in bar jeri in kama sunayen mutanensu, su Иван da Анна, wai ta nan ya fi shiga kai. Yayyenmu da suka riga mu, wannan hanyar tana ɓullewa kuwa?

Ɗan Kazan:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya alheri. Tana ɓullewa, da ita na fara kafin in shiga podfak, wato shekarar share fagen da kake magana. Amma kada ka kwaso sunaye barkatai, ka bi su daki-daki.

Haruffan 33 ne. Wasula 10, baƙaƙe 21, sai alamomi 2 da ba su da sautin kansu. Daga ciki akwai waɗanda ka riga ka sani tun firamare: А К М О Т, da Е amma ita "ye" ce. Waɗannan ba su da matsala. Masu cin amana su ne shidan da suka sa rigar boko alhali ba su ba ne: В "v" ce, Н "n" ce, Р "r" ce, С "s" ce, У "u" ce, Х kuma ita ce خ ta Larabci. Su za ka fara kayarwa, kuma a nan sunaye suke aiki. АННА ido zai ce maka "Ahha", amma ka san babu uwar da za ta sa wa 'yarta Ahha, to dole Н ta zama n. РОМАН Roman ne, МАКАР Makar, ТАМАРА Tamara. Suna yana gyara maka kuskure da kansa, saboda kunnenka ya riga ya san yadda ya kamata ya fita. Harafi tsirara a kan allo ba ya yi maka wannan.

Mai Ƙwallo:
Ni wallahi a bayan rigar Ahmed Musa na fara karatun Rashanci. Lokacin yana CSKA Mosko, daga 2012 zuwa 2016, ya kuma koma aro a 2018. Sai in ga an rubuta МУСА in ce wai wane ne Myca kuma. Harafi biyu na samu kyauta a nan, У da С.

Ɗan Kazan:
To ka ga ni. Kuma ga wanda ya fi shi: rubuta Nuhu. НУХУ. Duk haruffan huɗu 'yan yaudara ne. Wanda ya karanta wannan bai yi gargada ba ya wuce ajin farko.

Malama Harshe:
Ku bar ni in sa baki, tunda abin ya shigo gonata. Sabon Ɗalibi, shawarar da zan ba ka ita ce kada ka bi ta Turanci. Yawancin bidiyo da manhajojin waya don Turawa aka yi su, za su ɓata maka rabin sa'a suna koya maka kaɗa harshe wajen faɗin Р, abin da kake yi tun kana goye. Ka rubuta harafin Rashanci, a gefensa ka sa na Hausa kai tsaye. Ч ita ce c ɗinmu ta "ciki". Ш ita ce sh. И ita ce i, У ita ce u, ba wani kwana-kwana. Ц tana kusa da ts ɗinmu, illa dai namu yana da ɗan matsi a maƙogwaro, nasu a sake yake. Mai karatun allo kuma yana da ribar Х tun daga gida, kuma in ya kalli haƙoran Ш guda uku zai tuna ش. Masana da yawa suna ganin daga harafin shin na Ibrananci aka aro ta, shi kuwa ɗan'uwan shinun na Larabci ne.

Sannan sunayen nasu da yawa namu ne suka sake riga. Мария Maryamu ce, Михаил Mika'ilu, Захар Zakariyya, Яков Yakubu, Иосиф Yusufu, Давид Dauda, Анна Hannatu. Shi kansa Иван ɗin da aka ce ka fara da shi tushensa ɗaya da Yohanna, wanda mu Musulmi muke kira Yahaya. Ta hanyar coci da Girkanci suka iso musu.

Sarkin Musu:
Kun fara ko. Duk wanda ya zo da tambaya sai ku lulluɓe shi da daɗin baki. Ɗan'uwa, ka saurare ni, ni ma na yi podfak ɗin nan. Hanyar sunaye tana da ramuka kuma ba wanda zai gaya maka sai ka faɗa. Ku kawo mini sunan yanka guda ɗaya na Rashawa, sananne, mai Щ. Ku kawo mai Ъ. Ku kawo mai Ы. Ko Ц ɗin da Malama ta ambata, wane Barashe kuka sani da ita a sunansa na farko? Haruffa huɗu ke nan, kuma biyu daga ciki su ne mafi wuya a baki. Wato hanyar tana koya maka masu sauƙi ta gudu ta bar ka da masu wuya. Haruffa 33 ne fa kacal. Yaron da ya haddace izu biyu a ce ba zai iya haddace 33 a jere ba? Lalaci ne kawai aka sa masa suna dabara.

Mai Ƙwallo:
Ц tana nan a ЦСКА, wato CSKA, harafin farko ma.

Sarkin Musu:
ЦСКА sunan ɗan wa ne? Yaushe aka yi raɗin sunansa?

Ɗan Kazan:
Hhhh Sarki ka yi gaskiya a wannan, ban musa ba. Amma ramin ana cike shi da sunayen dangi. Ельцин yana da Ц, Крылов yana da Ы, Хрущёв yana da Щ. Ъ ce kawai ba ta da mai ɗaukar ta, ita kuwa za ka gan ta ranar farko a ƙofar hostal, a kalmar объявление, sanarwa, da подъезд, mashigar bene. Aikinta kawai ta raba baƙi da wasalin da ke binsa. Ba ta kai a fasa tafiya dominta ba.

Baba Injiniya:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ta nuna mini wannan zance, na ce bari in tofa albarkacin bakina. Na je can a farkon shekarun 1980, lokacin Tarayyar Sobiyet, zamanin da suke gina kamfanin ƙarfe na Ajaokuta ana tura matasa koyon aikin. Ba waya, ba intanet. Abin da na sani na ƙasar kafin in tafi bai wuce sashen Hausa na Rediyon Mosko ba.

Yaron nan da kuke kira Sarkin Musu yana da gaskiya rabi. Mu a jere aka koya mana, muna rerawa, don ƙamus na takarda muke buɗewa, in ba ka san Ж tana zuwa kafin З ba ka kwana kana juya shafi. Amma in gaya muku gaskiya, haruffan ba su zauna mini ba sai a jikin takardar da ake mannawa a ƙofar kicin, mai nuna wanda shara da wanke murhu suka faɗo kansa a kowace rana. Nan dole ka karanta, don in ka tsallake ranarka tsohuwar da ke gadin ƙofa za ta wanke ka tas a gaban jama'a. Sunayen maƙwabtana na bene su suka zama allona.

Abin da zan ja maka kunne a kai, ɗana, shi ne kowane Barashe sunansa ya fi ɗaya. Na yi kusan wata biyu ina zaton mutum uku ne a ɗakin da ke kallon nawa. A takardar shara an rubuta Александр, abokansa suna kwaɗa masa kira Саша, wasiƙar da kakarsa ke aikowa kuma ya nuna mini ta fara da Шура. Har na tambaye shi ina sauran 'yan ɗakin, ban taɓa ganinsu ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Sabon Ɗalibi:
Allah ya ƙara girma Baba, mun gode. To ta yaya Александр ya koma Шура? Ba su ma yi kama ba.

Malama Harshe:
Kai ma ta yaya Abubakar ya koma Garba? Ta yaya A'isha ta koma Indo, Hauwa ta koma Kulu, Umaru ya koma Sanda? Baƙo ba zai taɓa ganewa ba sai an gaya masa. Haka nasu. Дмитрий Дима ne, Екатерина Катя, Анастасия Настя, Евгений da Евгения duka Женя, kamar yadda Саша take na namiji da mace. Владимир kuma Володя ne ko Вова, ba Влад ba, wannan na Владислав ne.

Kuma waɗannan gajerun sunaye su ne suka fi amfani ga mai koyon Ш. Ka jera Маша, Даша, Саша, Паша, Миша, Наташа. Ƙarshen ɗaya ne, farkon ne kawai yake sauyawa, kamar yadda ake koya wa yara ba-be-bi. Kana yi kana tsintar Д da П a hanya.

Baba Injiniya:
Amma kada ka kuskura ka kira malaminka da irin wannan suna. Babba ana kiransa da sunansa haɗe da na mahaifinsa. In sunanta Анна, mahaifinta Иван, to Анна Ивановна za ka ce. In namiji ne a ƙara -ович ko -евич. Mutumin da ya fara zuwa sararin samaniya ranar 12 ga Afrilu 1961, cikakken sunansa Юрий Алексеевич Гагарин, wato Yuri ɗan Aleksei. Matar farko da ta je a 1963, Валентина Владимировна Терешкова, 'yar Vladimir. Daidai da mu ce wane ɗan wane. Ka ga Ч ta samu a ƙarshen kowane sunan uba na namiji, ba sai ka je neman Вячеслав ba.

'Yar Damagaram:
Sannunku. Ni daga Nijar nake, a waya nake koyo, ban je ba tukuna. Abin da ya ba ni dariya, harafin da 'yan Najeriya ke kuka da shi mu a wurinmu ruwa ne. Ж ɗin nan mai kama da gizo-gizo ita ce j ta Faransanci, ta Jean da Jeanne. Жанна ma ai Jeanne ce suka ara. Da na iya haruffa sai na tarar kalmomi suna gaishe ni tun daga nesa: этаж, багаж, гараж, шофёр, duk na Faransa ne.

Kuma ina goyon bayan Malama kan a bar bi ta wani harshe. Mu a jaridunmu Poutine ake rubutawa, ku kuna ganin Putin. Pouchkine, Pushkin. Mutum ɗaya, rubutu biyu, kowa ya ja shi gidansa. Da ka ga Путин da Пушкин magana ta ƙare.

Ɗan Kazan:
Gaskiya ne Yaya. Mu kuwa namu ciwon В da П ne. Ranar da aka sa wani ɗan ajinmu, shi ma Bahaushe, ya karanta sunan Вера, sai ya ce "Bera". Rashawa ba su ga abin dariya ba, mu biyu da muka ji ɓera muka dinga danne dariya har malama ta tambaya lafiya. Sunan kuwa mai kyau ne, ma'anarsa imani, kamar yadda Надежда take fata, Любовь kuma ƙauna. Sai Павел da ke komawa "Fabel" a bakinmu. Ka samu madubi, ƙanena. П leɓe biyu ne suke haɗuwa su fashe. Ф da В haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa. Ka yi ta maimaita Пётр da Фёдор har su rabu a bakinka, don mutum biyu ne daban.

Sarkin Musu:
Yawwa, kun kawo kanku inda nake jira. Rami na biyu. Kun ce suna yana gyara kuskure don kunne ya riga ya san shi. To kunnen a ina ya ji shi? A fim ɗin Amurka da labaran Turanci, inda ake faɗinsa a karkace. Kowa "Boris" yake cewa da o cikakkiya. Barashe "Baris" yake cewa, nauyin muryar a kan ris. Олег "Alyek" ne. Оксана "Aksana". Роман ɗin da Ɗan Kazan ya kawo ma "Raman" ne. Иван nauyinsa a gaɓar ƙarshe yake, Владимир a ta tsakiya. Ƙa'idar ita ce О in ba a kanta nauyi ya faɗa ba sai ta koma kusan a, baƙin ƙarshe kuma ya bushe, г ta koma k, в ta koma f. Wanda ya koya ta suna zai zo da tabbacin cewa ya iya, alhali kuskure ya haddace. Gyaran mai tabbaci kuwa ya fi koyar da jahili wuya.

Malama Harshe:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, na karɓa. Sai dai ba laifin sunaye ba ne, ko a jere ka koya za ka ci karo da ita, don rubutunsu na yau da kullum ba ya nuna inda nauyi yake, sai a littafin yara da na baƙi. Mu ma haka bokonmu yake. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutu ɗaya ne, mai harshe ne ya san bambanci. Abin mamaki su ma a kan garin tuwon suke da irin wannan: мука in ka danna ƙarshe gari ne, in ka danna farko azaba ce. Maganin shi ne duk sunan da ka rubuta ka saurari Barashe ya faɗe shi, ka sa ɗan karan alama a kan wasalin da ya danna. Kuma ka ajiye Ольга kusa da Олег. Harafin farko ɗaya, na farkon o, na biyun a. Sunaye biyu sun koya maka ƙa'idar gaba ɗaya.

Sarkin Musu:
Wato kin mayar da hujjata makaminki.

Malama Harshe:
Aikin malanta ke nan, Sarki.

Sabon Ɗalibi:
Malama, a Ольга ɗin nan akwai wani abu kamar ƙaramar b a tsakiya. Na gan shi a Игорь da Татьяна ma. Ba na jin ana faɗinsa.

Malama Harshe:
Ita ce Ь, alamar laushi. Ba ta da sauti, baƙin da ya zo kafin ita take tausasawa, harshe ya ɗaga sama kamar za ka ce "y" amma ka fasa. Ka san bambancin "kau" da "kyau", da "gara" da "gyara"? To irinsa ne, sai dai su suna yi wa kusan kowane baƙi, har a ƙarshen kalma. Kada ka raina ta. Мать uwa ce, мат kuwa ashar ne.

Ga wani abu kuma tunda mun zo kan Ь. Sunan Илья, wato Iliya. Wanda ya karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa a makaranta ya riga ya san wani Barashe bai sani ba. Labarin daga na jarumin tatsuniyoyinsu ne, Илья Муромец, wanda ya daɗe a gurgunce kafin wasu baƙi matafiya su warkar da shi. Sarki Waldima na cikin littafin kuwa Владимир ne.

Mai Ƙwallo:
Kai! Malama kin rusa mini yarinta. Ni duk zatona Iliya ɗan wajen Katsina ne.

Baba Injiniya:
To bari in ƙara muku. Babban mawaƙinsu, Александр Сергеевич Пушкин, wanda aka haifa a 1799, kakan mahaifiyarsa baƙar fata ne daga Afirka, Абрам Ганнибал, wanda Sarki Bitrus Babba ya rena. A zamaninmu ana ce mana daga Habasha yake. Daga baya wani masanin tarihi ɗan Benin, Dieudonné Gnammankou, ya kawo hujjar cewa daga Logone yake, kudu da Tafkin Cadi, a arewacin Kamaru ta yau. Ka lura da sunan, Hannibal ne amma da Г suka rubuta shi, don ba su da h. A da can duk h ta baƙi g suke mayar da ita. Yanzu sun fi sa Х.

Ɗan Kazan:
Wannan batun h ɗin ya shafe ka kai tsaye, ƙanena, don sunanka ma zai shiga injin nan. Hausa хауса ce a wurinsu, Hasan Хасан. Ka duba ɗan damben nan na Dagestan, Хабиб Нурмагомедов. Habibu ne fa, sunan gidanmu. Ya shiga Rashanci da Х, da aka fito da shi zuwa boko sai ya zama Khabib. Магомед ɗin da ke cikin sunan danginsa kuma Muhammadu ne. Ba su da w, sai su sa В ko У. Ba su da j irin tamu, sai su haɗa biyu, Дж, shi ya sa Abuja take Абуджа. Ƙugiyoyinmu kuwa, ɓ ɗ ƙ, a filin jirgi za ka bar su.

Ka kula da wannan sosai. Ranar da bizarka ta fito, ka zauna ka kwafe yadda aka rubuta sunanka harafi bayan harafi, ka adana hoton. Ni a biza an sa Мухаммад, wanda ya fassara fasfona a wani ofishi ya sa Мухаммед. Harafi ɗaya tal. Ban lura ba don lokacin kallon rubutun nake kamar zanen lalle. Sai da na zo wata rajista matar ta ɗora yatsa a kan а, ta ɗora a kan е, ta turo mini takarduna ta ƙasan gilashi ba ta ce uffan ba. Na koma na sake biyan kuɗin fassara, na sake bin layi cikin sanyin da ke sa gashin hanci ya daskare. Don haka ni a wurina sunan farko da za ka koya ba Иван ba ne, naka ne.

Baba Injiniya:
Kuma duk mai suna Musa ko Isa ko Garba ya shirya. Suna mai ƙarewa da -а juya shi suke yi kamar na mata: Муса, Мусу, Мусе, Мусой, gwargwadon aikinsa a jimla. Ba raini ba ne, nasu mazan ma, su Никита da Илья, haka ake yi musu. Иван ma za ka gan shi Ивана ko Ивану, shi ne dai.

'Yar Damagaram:
Tambaya, don Allah. Me ya sa wani wuri nake ganin Пётр da ɗigo biyu, wani wuri Петр babu?

Malama Harshe:
Ё ce, "yo". Ita ce ƙaramarsu a shekaru, sai a ƙarshen ƙarni na 18 ta shigo, marubuci Karamzin ya yaɗa ta. Rashawa suna ƙyuyar sa mata ɗigon, suna cewa ai kowa ya sani, kamar yadda mutanenmu ke rubuta "kasa" a waya su bar ka ka zaɓa tsakanin ƙasa da kasa. Sakamakon haka duniya ta koyi cewa Gorbachev alhali Горбачёв "Garbachof" ne. A birnin Ulyanovsk har gunki aka gina wa harafin. Daɗinta ɗaya, duk inda take a kanta nauyi yake: Фёдор, Семён, Артём, Алёна.

Shi kansa jerin ya sha aski. Almajiran wasu malaman coci biyu, Kiril da Methodius, ne suka tsara shi a Bulgeriya wajen ƙarshen ƙarni na 9, a kan haruffan Girkanci, shi ya sa wanda ya yi lissafi da fiziks zai gane Г Д Л П Ф. Bitrus Babba ya sauƙaƙa siffarsa a 1708, gyaran 1918 kuma ya zubar da wasu haruffa, ya cire Ъ daga ƙarshen kalmomi inda a da take zaune ba aikin fari ba na baƙi.

Ɗan Kazan:
A nan Kazan, babban birnin yankin Tatar a Rasha, ma akwai ƙari. Alluna da yawa harshe biyu ne, Rashanci da Tataranci, su kuma Tatar sun ƙara haruffa shida nasu, har da һ da җ, wato h da j ɗin da muke nema. Da rubutun Larabci suke yi a da, suka koma na Latin a ƙarshen shekarun 1920, sannan wannan a 1939. In ka ga harafin da ba ya cikin 33 ɗinka kada ka firgita, ba kai ka manta ba.

Sarkin Musu:
Rami na uku, kuma shi ne kabarin hanyar taku. Rubutun hannu. Malaman podfak ba sa yarda da rubutun ɗab'i, haɗe za ka rubuta tun makon farko. A nan т take komawa m, и ta koma u, п ta koma n, д ta koma g. Катя sai ka ga kamar "Kamя". Миша kuwa in Barashe ya rubuta da sauri, ƙugiyoyi ne a jere kamar an zana igiyar ruwa, sai ka ƙirga ƙafafu kafin ka san ina и ta ƙare ш ta fara. Kai kuma likita za ka karanta, ka haɗa rubutun likita da wannan.

Baba Injiniya:
A nan ina bayanka ɗari bisa ɗari. Takardar sharar da na ba ku labari da hannu aka rubuta ta. Ɗana, ka sayi littafin rubutu, kowane suna ka yi shi sau biyu, na ɗab'i a hagu, na hannu a dama. Tsofaffinsu suna jan layi a saman т da ƙasan ш don kada su rikice, ni har yau haka nake yi.

Mai Zaure:
Jama'a an gode, zancen ya yi albarka. Masu turo tallar canjin kuɗi a tsakiyar muhawara na goge, wanda ya sake zan fitar da shi. Sabon Ɗalibi, gwada mana abin da ka tsinta.

Sabon Ɗalibi:
To bismillah, a yi mini afuwa. Na fara da garinmu, na rubuta КАНО, ƙanwata ta leƙo ta ce me ya haɗa ni da ƙaho. Ga 'yan gidanmu: Хаува, Джамила, Нуху, Билкису, Щамсу. Kuma Yaya Sarki, na samo maka Ц da Ч ba tare da na je Rasha ba. Kawuna Tsalha, Цалха. Maƙwabcinmu Cindo, Чиндо.

Ɗan Kazan:
Ma sha Allah, kwana ɗaya ka yi wannan? Gyara ɗaya: Shamsu da Ш ne, marar wutsiya. Mai wutsiyar Щ ce, sh mai laushi da ake ja, ta борщ, miyar da za ka sha har ka gaji. Ka ajiye su uku a layi ɗaya ka dinga kallo: Ц ƙafa biyu da wutsiya, Ш ƙafa uku ba wutsiya, Щ ƙafa uku da wutsiya. Ы kuwa ka ciji biro a kwance ka ce "i", abin da ya fito ita ce. Ka gwada da Мишка da мышка, na farko Mika'ilu ne ake lallashi, na biyu ɗan ɓera.

'Yar Damagaram:
Ɓera ya sake dawowa.

Sarkin Musu:
Цалха na karɓa, a gaida Kawu. Amma har yanzu ba wanda ya kawo mini suna mai Ъ, kuma ina nan zaune.